Haƙƙin tsohon soja da hannun da ke riƙe da takardunsa

Wannan jawabi ne da wani tsohon magatakardan kotu ya yi gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Birnin Ƙonni. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, sai ɗan abin da muka rage na gaishe-gaishe.

Malamaina, alhazai, iyayena mata, ƴan'uwana ma'aikata, da waɗanda suka taso daga Malbaza da Galmi da Dogerawa, da waɗanda suka baro Illela da Badagishiri da Tajaye tun da asuba, ina yi muku sannu da zuwa.

Ni ban taɓa ɗaukar bindiga ba. Aikina na shekara talatin shi ne karɓar dosiye, in ba ta lamba, in kai gaban alƙali, in rubuta abin da aka yanke. A cikin waɗannan shekaru na ga masu jira iri-iri a bakin ƙofa, amma ban ga mai haƙuri kamar tsohon soja ko matar da ya mutu ya bari ba. Ba ya ɗaga murya. An koya masa tsayuwa a layi tun yana saurayi, saboda haka sai ya zauna bisa benci da jakar ledarsa cike da takardun da suka yi ja don tsufa, a ce masa ya dawo wani watan, ya sara, ya tafi. A kansa nake so mu yi magana yau, da kuma a kan wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba, wato masanin shari'ar da gwamnati ta ɗauka aiki don ya karanta waccan dosiye. Ra'ayina a taƙaice shi ne, muddin ba a riƙe wannan ma'aikaci a kujerarsa ba, to, duk dokar da aka rubuta don tsohon soja tawada ce kawai bisa takarda.

Daga Ƙonni zuwa Tiyaroy

Mu mutanen Ƙonni ba labari aka ba mu ba game da sojan Faransa. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta shigo garin nan ta yi kisan da har yau dattawa ke ambato da ƙaramar murya. Masu riƙe da bindigogin galibinsu baƙaƙe ne irinmu, ƴan rundunar nan da Faidherbe ya kafa a Sanagal a 1857. Da mulki ya zauna, sai aka juyo kan ƴaƴanmu, aka riƙa ɗibarsu daga Adar da kwarin Magiya, wasu da son ransu, da yawa kuwa da umarnin da ya biyo ta hannun sarki. Suka yi yaƙin 1914, suka yi na 1939, suka je Indoshin, suka je Aljeriya. Shugaba Seyni Kountché kansa a wannan runduna ya fara aikin soja, kuma ya ga Indoshin da Aljeriya da idonsa. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka, na ƙasar Sakkwato, su kuma Ingila ta kai su dajin Boma.

Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, aka buɗe wa sojojin Afirka wuta. Waɗannan mutane fursunonin yaƙi ne da suka dawo daga hannun Jamus. Abin da suka nema shi ne a biya su bashin albashinsu kafin a sallame su zuwa garuruwansu, domin sun san in suka watsu cikin ƙauyuka babu mai bin sawun kuɗin. Hukumomin lokacin suka ce mutum 35 suka mutu. A 2014 Shugaba Hollande ya ce sun kai 70 ko fiye, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya wuce haka nesa. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, Shugaba Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Ku riƙe wannan: rikicin farko tsakanin tsohon sojan Afirka da hukuma, rikicin lissafi ne da takarda.

Shekara hamsin da ɗaya

Ranar 26 ga Disamba 1959, ana gab da ba mu mulkin kai, majalisar Faransa ta saka wani sashe, na 71, cikin dokar kasafin kuɗinta. Sashen ya ce duk tsohon sojan da ƙasarsa ta sami ƴanci, fanshonsa zai tsaya cik a inda yake. Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi, nasa kuɗin yana ƙaruwa duk lokacin da aka yi ƙari. Na mutumin Tsarnawa kuwa ya daskare, tsadar gero tana cin sa shekara bayan shekara. Dokar ta kuma toshe ƙofar sabbin buƙatu, har da ta matan mamata, sai ɗan sassaucin da aka riƙa yi jefi-jefi.

Bari in jera muku yadda shari'ar ta tafi, ku riƙa ƙidaya shekarun da ni. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙarar Ibrahima Gueye da tsoffin sojojin Sanagal, su 743, ya ce Faransa ta nuna bambanci. Faransa ba ta gyara ba. Wani tsohon saje mai suna Amadou Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara kotunan Faransa da kansu. Kotun ƙolinsu ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001. Shi kuwa Amadou Diop ya riga mu gidan gaskiya tun 1996. A 2002 aka yi doka aka ce za a ƙara kuɗin gwargwadon tsadar rayuwar kowace ƙasa, wato dai har yanzu ba daidai da na Bafaranshe ba. A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb, Shugaba Chirac ya sa aka daidaita kuɗin waɗanda suka shiga fagen daga da na waɗanda suka naƙasa, daga farkon 2007. Fanshon ritaya kuwa sai da kotun tsarin mulkin Faransa ta rushe dokar ranar 28 ga Mayu 2010, aka fara aiki da hukuncin ranar 1 ga Janairu 2011.

Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 2011, shekara 51. Saurayin da aka sallama daga Aljeriya yana ɗan shekara 25 ya haura saba'in kafin nan. Wanda ya yi yaƙin 1939 ya kai casa'in, in ya kai. Kuna tune da Abdoulaye Ndiaye, na ƙarshe cikin sojojin Sanagal da suka yi yaƙin 1914? Ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1998, saura kwana ɗaya a maƙala masa lambar girmamawa. Jinkiri, jama'a, hanya ce ta hana mutum haƙƙinsa ba tare da an buɗe baki an ce a'a ba. Hukuma ba ta tsufa. Mai ƙara ne ke tsufa.

Ko a 2011 ɗin ma akwai ƙugiya. Wani ɓangaren gyaran an yi shi kai tsaye, amma wani ɓangaren sai mutum ya rubuta ya nema, kuma aka sa wa'adi wanda ya cika a ƙarshen 2014. Takardun aikin waɗannan sojoji suna ajiye a garin Po na ƙasar Faransa, ofishin fanshon soja kuma yana La Roshel. To, ku gaya mini, wa ya je Bazaga ko Allela ya karanta wa tsohuwa wannan doka da Hausa kafin wa'adi ya cika? Gyaruma da yawa sun rasa abin da kotu ta riga ta ba su saboda babu wanda aikinsa ne ya cika musu takarda. Tun Janairu 2024 kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake, saboda haka hanyar ta ƙara tsawo ga ƴan kaɗan da suka rage.

Mu dawo gida

Na daɗe kan laifin Faransa don kowa a nan ya yarda da shi, babu gardama. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rundunar sojan ƙasarmu an kafa ta a 1961, ta riga ta tara nata tsofaffi, kuma shekarun nan sun tara mata gyaruma da marayu. A Tazalit, cikin jiharmu ta Tawa, an kashe jami'an tsaro 22 a watan Oktoba 2016. A Inates an kashe soja 71 a Disamba 2019. A Shinagodar 89 a Janairu 2020. Bayan kowace lamba daga cikin waɗannan akwai gida, akwai mata ɗaya ko biyu, akwai ƴaƴa, akwai tsohuwa da ɗan nan ne ke aiko mata da kuɗin hatsi. Kuma akwai dosiye.

Ƴan'uwana ma'aikata sun san abin da dosiye ke nema, amma bari in faɗa don alhazai su ji. Ana son takardar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da takardar taron dangi da ta nuna magada da wanda zai riƙe marayu. Aurenmu kuwa galibi a ƙofar gida aka ɗaura shi, da liman da goro, ba a je wurin magajin gari ba, saboda haka sai an koma kotu da shaidu an nemi hukuncin da zai maye gurbin takardar. Sunan mutum ɗaya sai ka tarar an rubuta shi iri uku: Mahamadou a takardar lakwal, Mamane a takardar soja, Mahamane a katin ɗan ƙasa. Shekarar haihuwa an ce "wajen" shekara kaza, takarda biyu kuma suka saɓa. In uwargida da amarya ba su jitu ba, kowace ta kawo nata takardun. Da ɗaya daga cikin waɗannan ta gitta, sai a mayar da dosiye. Mai ita yana da ikon ya ɗaukaka koke, to amma wa zai duba koken? Ba mai buga tambur ba ne, ba direba ba ne. Sai wanda ya karanci shari'a, ya san dokar fansho, ya san al'adar gado, ya kuma daɗe har ya gane cewa Mamane da Mahamadou mutum ɗaya ne.

Na ga wannan a gidanmu. Ƙanen mahaifina soja ne, ya rasu ya bar mata da ƴaƴa biyar. Aka ƙi dosiyarta saboda harafi biyu a sunansa. Na rubuta mata koke da hannuna, ni da nake ganin na san hanya. Matashin da ya fara dubawa ya fahimci matsalar cikin mako guda, ya ce in kawo hukuncin gyaran suna. Kafin in kawo, ya ajiye aiki, wata ƙungiyar waje ta ɗauke shi. Na biyu ya ce sai ya karanta tun daga farko. Yana tsakiyar karatu aka yi masa canjin wuri. Na uku da ya zo, wasu takardun wa'adinsu ya wuce, sai an sake su. Kowace tafiya daga nan zuwa Yamai kilomita sama da 400 ce, ga kuɗin mota, ga masauki, ga shago a rufe. Babu ɗaya cikin mutanen nan uku da ya nemi ko dala a hannuna, babu wanda ya wulaƙanta ni. Duk da haka shekara huɗu muka yi, kuma kafin kuɗin su fito an riga an cire babbar ƴarta daga makaranta. Kujerar ce ba ta riƙe mai zama.

Me ke korar su?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Matashi ya gama karatun shari'a a jami'ar Abdou Moumouni, gwamnati ta ɗauke shi, ta sa shi a biro mai ƙura inda ba a ganin minista, ba a tafiya taro waje. Shekara biyu ko uku yana koyon aiki a kan dosiyoyin talakawa. Ranar da ya ƙware, a ranar ce banki ko kamfanin waya ko wani shirin agaji zai miƙo masa albashin da ya ninka nasa. Wanda bai fita ba kuwa yana neman a mayar da shi ma'aikatar da ke da maiƙo. Ba na zarginsu. Kowa na da iyali. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 suna tune da watannin da aka yi ba albashi, da shirin rage ma'aikata da masu ba da bashi suka ɗora mana, da karyewar darajar sefa a Janairu 1994. A wancan zamani gwanaye da yawa suka bar aikin gwamnati, kuma da su aka tafi da sanin da ba ya cikin kowane littafi. Kuna kuma tune da Fabrairu 1992, lokacin da ƙananan sojoji suka mamaye gidan rediyo a Yamai suka tsare André Salifou, kan bashin albashi. Sojan da ke bakin daga yau yana kallon yadda ake yi da matar abokinsa da ya faɗi jiya. Wannan ma sha'anin tsaro ne.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Amurka, da duk dukiyarta, tana da hukuma ta musamman mai duba koken tsoffin sojojinta, kuma a 1988 ta kafa kotu sukutum don wannan aiki kaɗai. Duk da haka sai da ta kai tsohon soja yana jiran hukunci shekara uku zuwa bakwai. A 2017 suka yi dokar sauƙaƙa hanyar ɗaukaka ƙara, wadda ta fara aiki a 2019, suka kuma ɗauki ɗaruruwan lauyoyi. Da suka ɗauke su sai suka tarar da abin da na tarar a dosiyar baffana: ɗauka daban, riƙewa daban, domin sabon lauya sai ya daɗe yana koyo kafin hannunsa ya faɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

A ƙasarmu ginshiƙan suna nan. Akwai CARENI mai kula da fansho. Akwai hukumar ANAJJ da dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. Akwai hukumar da ke tsaya wa gwamnati a kotu in an kai ta ƙara. Nan Ƙonni muna da babbar kotu tun gyaran da aka yi a 2004. Amma lauyoyi masu zaman kansu kusan dukansu a Yamai suke, kuma gini da allo a bakin ƙofa ba sa karanta dosiye.

Na san abin da wasu za su ce, tun da na ji shi a bakin abokan aikina. Za a ce baitulmali babu kuɗi, ƙasa na cikin yaƙi, kuma in aka ƙara wa masana shari'a, gobe malaman makaranta da na asibiti za su taso. Magana ce mai nauyi, ba na raina ta. To amma alhazai, ku kuka fi kowa sanin amsar. Wane ne cikinku zai bar yaron shagon da ya san duk masu bashinsa ya tafi don jaka goma, sannan ya kawo baƙo ya fara koya masa? Wane mai albasar Galmi ne zai canza wanda ke fitar masa da takardun kwastan duk wata uku, alhali kaya na ruɓewa a kan iyaka? Waɗanda nake magana a kansu ba dubbai ba ne, ƴan ƙalilan ne. Kuɗin da ake kashewa wajen koyar da sabo kowace shekara, da sake buga takardu, da shari'o'in da gwamnati ke faɗi saboda babu wanda ya duba da kyau tun farko, sun isa a riƙe tsohon hannu. Araha ba ta ado.

Abin da nake roƙo

Na farko, a ware wa masana shari'ar da ke duba koken tsoffin sojoji da iyalansu wani ƙarin kuɗi na musamman, wanda zai riƙa hawa da yawan shekarun da mutum ya yi a kujerar. Wanda gwamnati ta biya wa ƙarin karatu kuwa ya sa hannu zai yi mata wasu shekaru kafin ya tafi.

Na biyu, a ba su tsanin girma a cikin aikin nan kansa, don kada mutum ya ga sai ya bar shi kafin ya ci gaba. Kada kuma a ɗaga kowa daga kujerarsa sai ya zauna da magajinsa sun bi dosiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sun sa hannu su biyu.

Na uku, kowane koke a ba mai shi rasit da lamba da kwanan wata, a kuma sa wa'adin amsa. Duk wata uku a liƙa a bango yawan koken da suka shigo, da waɗanda aka gama, da shekarun wanda ya fi daɗewa. Wannan ba ya cin ko tamma, kuma shi zai nuna mana ko ƙarin kuɗin da muka roƙa ya yi amfani. Wanda aka riƙe da alheri dole a tambaye shi aiki.

Na huɗu, ma'aikaci ya zo wurin tsohuwa. A sa rana a kowane wata da masanin shari'a zai zauna a Ƙonni, wani watan a Malbaza, wani a Illela, ranar kasuwa, lokacin da motocin ƙauye ke shigowa. Tun da kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, a rubuta jerin takardun da ake nema da Hausa, da boko da ajami, a karanta a gidajen rediyon karkara.

Na biyar namu ne, ba na gwamnati ba. Duk mai ɗa ko ƙane a cikin kaki, ya sa shi ya rubuta aurensa da haihuwar ƴaƴansa wurin magajin gari tun yana da rai, ya kuma duba sunansa ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Ba fatan mutuwa ba ne, rigakafi ne. Ku kuma ƴan kasuwa, kuna da ƙungiyoyi, kuna da murya wurin perfe da gwamna. In kun je maganar haraji da rumfuna, ku saka wannan a cikin jerin.

Mu ma'aikata, in faɗa mana gaskiya, kowannenmu zai wayi gari a kan wancan benci. Yau kai ne bayan tebur kana cewa a dawo wani watan, gobe kai ne riƙe da jakar leda, kana fatan yaron da ya fahimci matsalarka jiya yana nan bai tafi ba. Shekara 51 muka yi muna jin haushin yadda wata ƙasa ta bar kakanninmu suna jira har suka ƙare. Waɗanda ke jira yanzu a ƙofar tamu hukumar suke, kuma in suka ƙare a kan benci ba mu da wanda za mu nuna da yatsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi, ya raya abin da suka bari, ya mayar da kowa gidansa lafiya.